Gyara Kayanka: Magana A Kan Jakar Da Samarinmu Ke Shiga Daji Da Ita



Ruwa ya ɗauke, an kai riɗi da gyaɗa gida, doya ta cika kasuwa, ciyawa ta bushe. Duk wanda ya daɗe a Lafiya ya san abin da ke biyo bayan haka: kiɗan gangi da asuba, haushin karnuka, samari a kan babura biyu-biyu, uku-uku, sun nufi hanyar Doma, ko wajen Asakio, ko Obi. Farauta sana'a ce da muka gada, iyayenmu sun zo da ita daga arewa tare da fatauci da jima da ƙira, kuma ba mu zo mu hana kowa ba. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne jakar da samarin nan suke goyawa yanzu.

Kowa ya ganta. Jaka ce ƙatuwa mai launin kakin soja, dabbare-dabbare kore da baƙi, aljihu a gaba, aljihu a gefe, aljihu a cikin aljihu, igiyoyi suna reto ta ko'ina. Wata sabuwa ce daga Sin, wata kuma gwanjo ce. Masu sayarwa suna yi mata kirari cewa ita ce ta mafarautan Turai, ruwa ba ya shigarta, dabba ba ta ganinta. Mu 'yan kasuwa ne, mun san yadda ake yi wa kaya kirari, mun kuma san cewa kirari ba ya ɗinke jaka. Don haka bari mu ɗora ta a kan ma'auni uku: aikin daji, hukuncin shari'a, da kuma zamanmu da maƙwabta. Daga nan sai mu juyo kan burgamin iyayenmu, shi ma mu faɗi nasa, domin adalci bai yarda a soki ɗaya a rufa wa ɗaya asiri ba.

Me ake ɗauka a farautar yini?

Mu fara raba magana. Akwai farautar zango, wadda ake barin gida mako biyu ko wata guda, a nausa Taraba ko kudu. Wannan kayanta daban ne. Muna magana ne a kan farautar yini, wadda za ka fita bayan Asuba ka dawo kafin Magariba. Abin da ake samu a dajinmu yanzu sananne ne: gafiya, gyazbi, zomo, fakara, zabon daji, in an taki sa'a gada. Ba giwa za ka ɗauko ba.

To, lissafa kayan yini ɗaya. Ruwa lita 2 zuwa 3, domin zafin garin nan daga Fabrairu zuwa Maris ba ya wasa. Ɗan garin rogo da ƙuli-ƙuli ko dabino. Igiya, tocila, waya, takardunka, ɗan ƙyalle mai tsabta da bandeji, abin shimfiɗar salla, da buhun da za ka sa nama. Mai bindigar toka ya ƙara da albarushi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka duk kayan nan in ka haɗa su da wuya su wuce kilo 5 ko 6. Jakar da ke cin lita 20 zuwa 25 ta ishe su har da saura. Amma je ka duba abin da aka rubuta a jikin waɗannan jakunkuna na soja, za ka ga 40, ka ga 50. An yi su ne don mai kwana a daji da tanti da bargo. Babbar jaka kuwa ba ta son zama wofi. Yaro zai yi ta cusa mata tarkace har ta cika, ya sa rediyo, ya sa takalmi na biyu, ya sa abin da ko a gida bai taɓa nema ba. Kafin Azahar kafaɗa ta sage, baya ya jiƙe sharkaf, karnuka sun yi gaba, shi yana ƙarƙashin ɗorawa yana haki.

Ma'auni na farko: aikin daji

Mafarauci na gaske ya san dabba da kunne da hanci take tsira, fiye da ido. Zomo bai yi dogon kunne a banza ba. Jakar nan kuwa duk jikinta ƙara ne. Yadinta na roba ne, in ya gogi busasshiyar ciyawa sai ka ji shuu-shuu kamar ana jan buhu a siminti. Aljihunanta da abin mannau ɗin nan aka rufe su, wanda in ka ɓalle shi yake cewa ƙyaaat, fakarar da ke bayan tudu ma ta ji. Kan zif na ƙarfe yana kaɗawa kamar akayau. Wanda ya goya wannan ya ce zai yi sanɗa, ai shela yake yi.

Sai igiyoyin da ke reto. A hoton da ke jikin kwali suna da kyau. A sarƙaƙiya kuwa kowace igiya ƙugiya ce. Farar ƙaya ta kama ta nan, ƙarangiya ta manne can, in ka ratsa inda karara take sai ta cika ragar gefe da ƙaiƙayi, ka kai shi gida yara su kwana suna susa. Zif kuma ba ya shiri da ƙurar hunturu da tokar daji. Zif takwas a jaka ɗaya, wuri takwas ke nan da za ta lalace. Ranar da babban ya ɓare a tsakiyar daji, jaka ta zama buhun da ba shi da baki.

Akwai wuta. Ba mu goyon bayan cinna wa daji wuta don gafiya, ɓarna ce, tana cinye amfanin gonar mutane da abincin dabbobinsu, kuma ta sha jawo rigima. Amma ko kai ba ka cinna ba, za ka ratsa inda wani ya cinna. Fata da tamfol na auduga in tartsatsi ya faɗa musu babbakewa suke yi a wurin. Yadin roba narkewa yake yi, ya ɗiga, ya manne a fatar mutum. Ka tuna kuma a cikin jakar nan akwai albarushi, a bayanka, inda idonka ba ya gani.

Batun launi kuwa, nan ne aka fi yi wa samari ganin kitse a rogo. An zana wannan kore da baƙi ne don dazuzzuka masu ganye shar. Dajinmu da rani ja ne da ruwan ƙasa da baƙin toka. Ban da haka, a farautar taro, inda mutum ashirin suka bazu cikin ciyawa da bindigogi, ɓoyuwa daga idon ɗan'uwanka ai haɗari ne. A Amurka, inda ake cewa daga can aka kwaikwayo kayan, jihohi da yawa sun wajabta wa masu farautar barewa sa riga ko hula mai launin ruwan goro mai haske, don kada wani ya harbi wani. Sun gano barewa ba ta bambance wannan launin kamar yadda mutum ke bambancewa. Su da suka ƙera kayan suna neman a gan su, mu kuma muna biyan kuɗi don mu ɓace wa mai bindigar da ke bayanmu. Wannan wane irin ciniki ne?

Ma'auni na biyu: shari'a

Wani zai ce, Malam, ina ruwan fiƙihu da jaka? To, da ruwansa, kuma malamai sun rigaye mu tunani. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaid ya san akwai babin da ya haɗa layya da yanka da farauta. A nan aka koya mana cewa farauta don neman abinci ko sana'a halal ce, ta wasa kawai kuwa makaruhi ce. Aka koya mana yin bisimilla lokacin harbi ko sakin karen da aka horar. Aka kuma koya mana cewa in ka iske abin da ka harba da sauran ransa, harbin bai kai makasa ba, to wajibi ne ka yanka shi.

Muhtasar na Shehu Halilu ya ƙara da abin da ya shafi maganarmu kai tsaye. A cikin abubuwan da ya lissafa masu hana a ci abin farauta akwai sakacin mafarauci game da wuƙarsa: ya ba wani ya riƙe masa, ko ya jefa ta cikin jaka, har dabbar ta mutu yana neman ta, alhali da tana hannunsa ko a ƙugunsa da ya samu yankawa. Masu sharhi suka bayyana cewa in wuƙar tana ƙugunsa, ya yi iyakar hanzarinsa, dabbar ta riga shi, to ana ci, domin babu sakaci. In kuwa tana can ƙasan jaka, nama ya zama mushe. Shehin nan a Masar ya zauna, shekaru sama da 600 da suka wuce, amma sai ka ce ya ga samarinmu.

Yanzu ka kwatanta. Kare ya kama gada, tana shure-shure. Mai ita ya iso a guje. Sai ya kwance bel ɗin ƙirji, ya kwance na ciki, ya sauke jaka, ya tsaya tunanin a wane aljihu ya sa wuƙa, ya ja zif ya ƙi, ya zazzage kaya a ƙasa. Kafin ya ɗago, rai ya yi halinsa. Nawa ne daga cikin samarinmu za su iya barin wannan gadar ga karnuka bayan wahalar yini guda? Da yawa za su sa mata wuƙa bayan ta mutu, su kawo gida, uwa ta dafa, uba ya ci, a kai wa maƙwabci, ko a sayar wa mai tuwo. Haram ta shiga tukunya uku ta dalilin zif. Wannan shi ne babban laifin jakar goyo, kowace iri ce, in aka mayar da ita gidan wuƙa. Mazaunin wuƙar yanka kube ne, a ƙugu, inda hannu zai kai kafin ƙiftawar ido. Kuma ta kasance mai kaifi, don an umarce mu da kyautata yanka da hutar da dabba.

Na biyu, jini da salla. Wanda ya fita bayan Asuba, Azahar da La'asar a daji za su same shi. Jinin da ya kwarara daga dabba najasa ne. An yi rangwame a ɗan kaɗan, kamar faɗin dirhami, amma ba a yi rangwame ga rigar da ta jiƙe daga wuya zuwa ƙugu ba. Bayan jakar sojan nan soso ne mai kauri. In ka jefa zomo uku a ciki, jini ya ratsa, soso ya shanye, gumi ya kwaso shi ya shafa a rigarka. Abin shimfiɗar sallar ma yana ciki tare da su. Soson nan kuma ba ya wankuwa sosai. Bayan mako biyu jaka ta fara ɗoyi, ƙuda da cinnaka sun samu gida, an kuma rataye ta a ɗakin da yara ke kwana.

Shi kansa naman ba ya son jakar da iska ba ta shiga. Kirarin da ake mata cewa ruwa ba ya shiga, ma'anarsa zafi ba ya fita. Naman da aka kashe da hantsi, ya yini a rufe cikin roba a ranar Maris, kafin yamma ya fara canja wari. Iyayenmu a buhun algarara suke sawa, ko su ɗaure da igiya su rataya, iska tana bugu. Ga kuma zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno. Ɓeraye ne ke ɗauke da shi a fitsari da kashinsu, da rani ya fi tashi, kuma jiharmu tana cikin waɗanda ya sha taɓawa. Mai tonon rami yana kama dangin ɓera bai kamata ya haɗa abin da ya kama da garin da zai jiƙa ya sha a wuri ɗaya ba. Nama a buhunsa a waje, abinci da abin salla a ciki.

Ma'auni na uku: hanya da maƙwabta

Wannan shi ne wanda ya fi hana mu barci. Jama'a, mu tuna inda muke zaune. Lafiya garin Barebari ne tun kafuwarta a hannun Dunama, an karɓi iyayenmu hannu biyu, mun haihu a nan, mun binne namu a nan. Amma dajin da muke shiga gonakin mutane ne da ƙasar kakanninsu: Eggon, Alago, Gwandara, Migili, Tibi, ga kuma rugagen Fulani. Kowa ya san irin abin da yankin Doma, Keana, Awe da Obi ya gani na rikicin manoma da makiyaya, da satar mutane a hanyoyi. Tun 2018 aka kafa rundunar Operation Whirl Stroke tana sintiri tsakanin Binuwai, Nasarawa da Taraba. Hukumar soja kuma ta sha gargaɗin farar hula a kan sa kaya masu launin kakinta.

To ka sa kanka a matsayin matar da ta je gona tonon rogo. Ta ɗaga kai ta ga samari goma sun ɓullo daga ciyawa, da bindigogi, kowanne da jakar soja a baya, suna magana da harshen da ba nata ba. Wa za ta ce ta gani? Ba za ta tsaya ta tambaye ku ko zomo kuke nema ba. Ihu za ta yi, kuma abin da za ta faɗa a ƙauye shi ne zai iso wa 'yan banga. Ko ka sa kanka a matsayin sojan da ke shingen bincike da yamma, ya hango babur da mutum uku, da kayan da suka yi kama da nasa.

Har yanzu zukatanmu ba su warke daga abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo ba. A ƙarshen watan Maris na 2025, cikin azumi, saura kwanaki kaɗan Salla, aka tare motar da ta ɗauko mafarauta 'yan jihar Kano da ke dawowa gida daga jihar Ribas. Aka ga bindigogin toka, aka ce masu satar mutane ne, taron jama'a ya kashe mutum 16. Allah Ya jiƙansu, Ya bi musu haƙƙinsu. Kada wani ya juya mana magana: zalunci aka yi musu tsagwaronsa, ba jaka ce ta jawo musu ba, kuma babu irin kayan da zai halatta jinin mutum. Abin da muke cewa shi ne, a zamanin da zato kawai yake kashe mutum, mai hankali ba ya sayen abin da zai ƙara wa zato ƙarfi da kuɗinsa. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa, gaskiya ne, amma an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali.

Kuma abin ba ya tsayawa kan mai jaka. Hausawa suka ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. In yaro ɗaya ya jawo magana a wani ƙauye, ba sunansa za a kira ba, cewa za a yi Hausawa ne. Mai sayen doya da zai je kasuwar ƙauyen gobe, da mai tallan yadi, da almajirin da bai san hawa ba bai san sauka ba, su za su ɗauki sauran.

Jakar da ta dace da hanyarmu ita ce wadda za ka buɗe sau ɗaya jami'i ya ga ƙasanta. Mai aljihu goma sha biyu tana tsayar da kai rabin awa, kuma duk aljihun da ka manta ba ka buɗe ba, ɓoyo za a kira shi. A aljihun waje ka sa katin shaidar ɗan ƙasa, katin ƙungiyar mafarauta in kana da shi, da takardar izinin bindiga daga 'yan sanda, duk a naɗe cikin leda saboda gumi. Kada ka karɓi ƙullin kowa ka sa a jakarka ba ka kwance ka gani ba. Kuma kafin a shiga dajin kowane ƙauye, shugaban tafiya ya je ya gai da mai garin, ya faɗi yawanku da lokacin fitarku. Gaisuwar minti goma ta fi kowace irin jaka kariya.

Shi kuma burgami fa?

Burgamin fatar akuya da iyayenmu suka rataya yana da abin yabo mai yawa. Ba ya ƙara. Bakinsa ɗaya ne. Yana zaune a gefen haƙarƙari, ƙarƙashin hannu, kana tafiya kana zaro abin da kake so. In ya yage baduku zai ɗinke shi kana tsaye. Fatar da aka jeme da bagaruwa yadda ya kamata tana shekaru, kuma ba a banza fatar jar akuyar Sakkwato ta yi suna har Turai ba, inda suka riƙa kiranta fatar Maroko saboda ta can fatake suke bi da ita. Wani abu kuma, duk ƙabilar da ke ƙasar nan in ta ga dattijo da burgami da kare, ta san mafarauci ta gani.

Amma shi ma yana da nasa. Kafaɗa ɗaya ke ɗaukarsa, in ka sa masa ruwa lita 3 zai karkatar da kai kafin rana ta take. In kana gudu yana dukan cinya. Cikinsa ɗaya ne, goro da albarushi da waya duk a haɗe. Lafiya kuma ba Kano ba ce, damunarmu ta fi tsawo, laima ta fi yawa, fatar da aka jefa a lungu tun watan Mayu za ka iske ta da hunhuna a Nuwamba. Sai an riƙa shanya ta a inuwa ana shafa mata mai. Wasu kuma sun mayar da shi ɗakin ajiyar layu da guraye har babu wurin gorar ruwa. Wannan magana ce ta wani zama, amma dai ƙishirwa ruwa take so.

Mai sayen na fata ya kula da abu uku. Akwai roba mai kama da fata a kasuwa: duba bakin yanka, fata tana da zare-zare kamar gashi, roba kuwa yadi ne aka manna a bayanta. Tambayi baduku ko majemi in fatar yankakkiya ce, domin a mazhabarmu fatar mushe ko an jeme ta ana amfani da ita ne kawai, ba a salla a kanta, ba a kuma sayar da ita. Sannan a jakunkunan gwanjo akan samu shafin ciki na fatar alade. Alamarta ƙananan huji ne uku-uku a haɗe, kamar an tsira da allura. In ka ga haka, ajiye.

To me za a saya?

Shawararmu kada a ɗora wa jaka ɗaya aikin abu huɗu. Wuƙa a kube a ƙugu. Ƙaramin burgami a gefe don abin da hannu ke nema da sauri. Jakar goyo matsakaiciya, lita 20 zuwa 25, mai launi ɗaya, ruwan ƙasa ko toka-toka, don ruwa, abinci, abin salla da bandeji. Buhun nama a ɗaure a waje. A ɗaura ɗan ƙyalle ja ko ruwan goro a saman jakar don 'yan'uwa su hango ka. Albarushi a ƙaho ko gwangwani mai murfi, nesa da ashana da batir.

In ka zo saye, kada ka tsaya kallon gabanta. Juya cikinta waje. Duba inda hannun goyo ya haɗu da jiki, nan ne take fara mutuwa. In layi ɗaya aka bi da ɗinki, bar ta. Nemi wadda aka maimaita ɗinkin, aka yi masa akwati da gicciye a tsakiya. Riƙe hannun ka fizga da ƙarfi a gaban mai kaya, ɗan kasuwar kirki ba zai hana ka ba. Hannun ya zama mai faɗi, kamar yatsu uku, don kada ya yanke kafaɗa. Zif ya zama mai manyan haƙora, kuma biyu ko uku sun isa. Wadda bakinta ke tsukewa da igiya, da marfi a sama, ta fi duka daɗewa. A gwanjo, shafa cikinta: in yana danƙo ko yana ɓarewa kamar saɓar maciji, ta gama zamaninta. Lanƙwasa maɓallan roba kaɗan, wanda rana ta cinye za ka ga ya yi fari yana neman tsagewa. Sannan ka ce a ba ka abu mai nauyi ka sa, ka goya, ka sunkuya, ka ɗaga hannu kamar mai saiti. In tana dukan ƙeya ko tana zamewa gefe, ba taka ba ce. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Bakin jaka ya riƙa zama a rufe duk lokacin da ka ajiye ta a ƙasa. Kwarin Binuwai gidan kububuwa ne, kunama ma ba ta neman izini. In tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A hana ƙafar motsi, a ɗora mutum a babur zuwa asibiti mafi kusa, ko babban asibitin da muka saba kira Dalhatu Araf. Shi ya sa waya mai caji take aljihun sama.

Ga 'yan'uwanmu masu sayar da jaka, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ribar da ke cikin babbar jaka ta fi ta ƙarama, mun sani. Amma yaron da ke tsaye gaban rumfarka ɗan maƙwabcinka ne, a sahu ɗaya kuke salla da ubansa. Tambaye shi ina za shi, kwana nawa zai yi, ka ba shi abin da zai amfane shi. Ɓoye aibin kaya yana tafiyar da albarkar ciniki, wannan ba sai mun tuna wa kowa ba.

Ga telolinmu da dukawanmu kuma, ga kasuwa a ƙofar gida. Jakar tamfol mai kauri, gindinta fata, hannu biyu masu faɗi, aljihun takardu ɗaya a waje, zobe biyu na ɗaure buhu. Babu abin da ya gagari keken da ke ɗinka rumfar mota a cikin wannan. Dukawan Naraguta a Jos da na Kano sun nuna aikin hannu yana da masu saye. Shugabannin mafarautan unguwa su zauna da mutum biyu ko uku daga cikinku, a fitar da samfuri ɗaya, a gwada shi rani guda, a gyara inda ya gaza. In ƙungiya ta yarda da shi, har alamarta sai a ɗinka a jiki, ta yadda ƙauyukan da muke shiga za su san namu daga nesa.

Iyaye kuma, ranar da yaro zai fita, a daure a ce ya buɗe jakar a tsakar gida. A ga ina wuƙa, ina ruwa, ina takarda, ina abin salla, da wa da wa za a tafi, wane daji. Wanda ya ƙi a duba masa jaka a gaban mahaifinsa, to akwai magana.

Allah Ya tsare mana 'ya'yanmu a daji da hanya, Ya ciyar da mu halal, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, Ya jiƙan magabatanmu.